Ajin yoga na filin firamaren garinmu, ga abin da na gani

Mutane sun dame ni da tambaya a WhatsApp wai ajin nan da yaron nan yake yi bayan la'asar a filin firamaren ƙauyenmu nan gefen Ringim yana da amfani ne ko kuwa wani abu aka shigo mana da shi da zai taɓa addini, to ga amsata. Shi dai ɗan gari ne, karatun gashin ƙashi ya yi a Indiya, can ya koyo yoga, wato motsa jikin nan na miƙe-miƙe da jan numfashi. Kuɗin wata bai kai kuɗin kwanon gero ba, dattawa ma ba ya karɓar nasu.

Ta fannin jiki kam wallahi ba ni da ƙorafi, duk wanda ya sha sunkuyo a gonar shinkafa ko ya wuni yana yankan riɗi ya san yadda baya yake riƙewa, miƙe-miƙen da yake sa mu da jan numfashi a hankali sun sassauta min ƙugu sosai, har barci na fi samu.

Amma zaman hira da ake yi a ƙarshe shi ya fi riƙe ni. Ya ce asalin yoga ba lanƙwasa jiki ba ne kaɗai, wani malamin Indiyawa na da can mai suna Patanjali ya kasa ta matakai 8, lanƙwasar jikin mataki na 3 ne, na farko da na biyu duk tarbiyya ce: kar ka cutar da kowa, faɗi gaskiya, kar ka ɗauki abin wani, kar ka tara abin da ya fi buƙatarka, ka zama mai wadatar zuci. Da ya zo kan tarawar nan sai da wani dattijo ya ce Allah ya sa masu ɓoye hatsi a sito har sai ya yi tsada su ji. Sai kuma maganar da suke yi cewa ka yi aikin da ya rataya a wuyanka da kyau, kar ka ɗaure zuciyarka da sakamakon. Manomi ya fi kowa buƙatar jin wannan, ka yi huɗa ka zuba takin da ka ciwo bashi ka saya, sannan ka kwana kana lissafin ruwan sama da ambaliya kamar a hannunka suke. Mu tawakkali muka sani tun muna makarantar allo, amma ban taɓa zama na auna shi da aikin gonata na yau da gobe haka ba.

Inda muka rabu da shi kuwa, wata rana ya ce kowa ya nemo dalilin zuwansa duniya a cikin zuciyarsa. Na ce masa a'a ɗana, wannan an riga an faɗa mana, don bauta aka halicce mu, noman da ciyar da iyalin ma in an gyara niyya a ciki suke. Bai yi musu ba, ya ce shi ma haka ya yarda, ra'ayin mutanen can ne yake kawowa. Kuma na yaba masa da ya cire sunkuyon gaisuwar da suke yi wa rana da ambaton nan nasu na ibada da suke maimaita kalmar Om gaba ɗaya, dama majalisar malaman Indonesiya a 2009 irin yogar da ake haɗawa da waɗannan addu'o'in ta hana, ta bar ta motsa jiki zalla.

Gyara biyu nake so. Hirar tana yin tsawo har a kusa kiran magariba mutum bai yi alwala ba, sannan mata ba su da aji ko ɗaya alhali su ma daka da ɗibar ruwa sun gama da bayansu, ya kamata a samo mace ta koya ta riƙa yi musu a cikin gida. In za ka zo ka taho da tabarmarka da wando mai faɗi, filin akwai ƙura da tsakuwa.