Jug da kofunan kiristal na kayan jere: a saya, amma ban da zuba zoɓo

Saitin nan na jug ɗaya da kofuna shida da iyayen amare ke ɗaukowa daga Sabon Gari su kai ƙauyukan Wudil da Gaya ya cancanci kuɗinsa wajen ado. Ko hasken fitilar sola ne ya doke shi a cikin kabet, sai ka ga yana walƙiya kala-kala. Dalma ce ke ba shi wannan ƙyalli: kiristal na asali yana ɗauke da aƙalla kashi 24 cikin 100 na sinadarinta, dabarar da wani ɗan kasuwar gilashi, George Ravenscroft, ya yi wa rajista a Ingila a 1674.

Kafin a biya, a duba kwali ko akwai "24% PbO", wato alamar yawan sinadarin dalmar da ke ciki. A ɗaga kofin, zai fi gilashi na yau da kullum nauyi. A ƙwanƙwasa bakinsa da farce, ƙararsa za ta ja kamar ƙararrawa. In aka ga layin haɗi ya sauko ta gefe kuma zanen ba shi da kaifi, wannan gilashin zubi ne, kada a biya shi kuɗin kiristal.

Matsalar tana wajen amfani. Duk abu mai tsami yana tsotso dalma daga jikin gilashin, kuma yawanta na ƙaruwa da daɗewarsa a ciki. Zoɓo, ruwan tsamiya, lemon tsami, fura da nono, duk kada su kwana a jug ɗin, kada ma su yini. Dalma ba ta da ɗanɗano, taruwa take a jiki tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Ita ce ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake waccan daga duwatsun zinare ta fito. Ƙananan yara da masu juna biyu a ba su wani kofin daban. Baƙo ya sha ruwa ya ajiye nan take, wannan da sauƙi. Sabon saiti a cika shi da ruwan khal ya kwana ya yini, a zubar, a ɗauraye sosai.

Shayi mai zafi na tsaga shi, musamman da sanyin hunturu. Jikinsa kuma yana saurin karcewa, don haka ban da toka, yashi ko soson ƙarfe. A shimfiɗa tsumma a gindin roba, a wanke ɗaya bayan ɗaya da ruwan ɗumi da sabulu, a goge nan da nan kafin ruwan rijiya ya bar masa farin tabo.