Aikin tare zafi da anka yi mani a silin: abin da na gani bayan bazara ta wuce

Masu tambayata ko kuɗina sun yi amfani, sun yi, amma ba yadda mai shagon ya zuzuta ba. Shagon na cikin masu sai da kwano da silin na wajen Sabuwar Kasuwa, ba zan kama suna ba kar a ce talla nike ko ɓatanci. Gidana a Arkilla yake, ginin bulo, kwano mai kalar ruwan ƙasa, silin PVC, kuma duk ɗan Sakkwato ya san daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, ɗaki ya koma tanderu tun kafin azahar, fanka ma iska mai zafi take watso maka.

Kaya uku ya nuna mani. Akwai foyil, ledar nan mai ƙyalli da ƙananan kumbura a ciki, akwai audugar gilashi rawaya da ke zuwa a naɗe, sai farin soso irin wanda ake tokare sabon firiji da shi a kwali. Soson tun a nan na ƙi shi, yana cin wuta, ɓera kuma na son yin gida a ciki, kuma sama da silin ai wayoyin lantarki ne ko'ina.

Shi mai shagon foyil ya so in saya. "Alhaji wannan kaɗai ya ishe ka, ko esi ba za ka kunna ba." Na ce mashi malam a bar wannan zance. Foyil ba ya da kauri, aikinsa kawai mayar da hucin da kwano ke fesowa, kuma sai an bar mashi sarari na iska kamar inci 1 a gaban fuskar mai ƙyalli, in an manna shi da kwano ko an danne shi a kan silin to zafi bi ta cikinsa zai yi ya wuce. Ga kuma ƙurar garin nan, hunturu ɗaya in ta kwanta a kai ƙyallin ya dushe, amfanin ya ragu. Wanda bai riga ya yi rufi ba shi foyil ya fi dacewa da shi, kafinta ya shimfiɗa a kan katako kafin a buga kwano. Ni kuwa rufina ya daɗe, ba zan ɓamɓare kwano ba saboda leda.

Audugar gilashi na ɗauka. Tana zuwa da kauri milimita 50 da 100, na sa mai 100 a ɗakunan kwana da falo, kicin da sito na bar su haka don aljihu ya fara kuka. Ita iskar da ke maƙale cikin zarenta ce ke tare zafin, shi ya sa ba a danne ta, ba a bari ta jiƙe. Nan zan yaba ma shagon, kafin su fara sun hau sama sun nuna mani wuri biyu da kwano ke yoyo ta bakin ƙusa, sunka ce sai an toshe tukuna, in ba haka ba damina ɗaya za ta lalata kayan. Wani da kuɗi kawai yake so rufe bakinsa zai yi.

Inda raina ya ɓaci yaran aikin ne. Sun zo ba safar hannu ba takunkumi, abin nan kuwa ƙaiƙayi gare shi kuma ba a son shaƙarsa, wani yaro ya sauko yana ta sosa wuya har ya yi ja, sai da na aika anka sayo masu. Sannan da na leƙa ta ƙofar silin da fitilar waya, sai na ga sun bar gefen bango fili kusan taƙi guda, sun kuma lulluɓe wayoyi da bayan fitilun silin gaba ɗaya, alhali waya in ba ta shan iska ɗumi take yi. Na kira maigidansu, gaskiya bai yi gardama ba, ya sa sunka koma sunka ɗago wayoyin sama, sunka buɗe bayan fitilu, sunka cike gefen. Don haka in za ka ba su aiki ka hau da kanka ko ka sa ƙanenka ya hau, kar ka biya cikon kuɗi daga ƙasa. Kuma da sassafe ake yinsa, ƙarfe 11 ba mai iya zama cikin rufin nan.

Wata shawara da kafintansu ya ba ni kyauta, a fasa ramukan iska a ƙusurwar rufi gabas da yamma a sa raga saboda jemage da tattabaru. Na yi, kuma ina ganin ta taimaka sosai.

To me ya canza? Da rana in ka ɗora hannu a silin ɗumi kaɗan za ka ji, da kuwa ba ka iya barin hannun. Esi na samun hutu yana kashe kansa, batirin sola ma na kai ni nesa fiye da da. Ƙarar ruwan sama a kwano ta ragu, wannan ban ma yi tsammani ba. Amma dare a watan Afrilu yana nan yadda kuka san shi, bangon yamma yini yake yana shan rana ya riƙa sako ta bayan isha, ba ruwan audugar silin da wannan, yara har yanzu tsakar gida suke shimfiɗa tabarma. Tsoffin soraye na laka da azara da ke cikin gari wajen Hubbare sun fi ɗakina sanyi har gobe.

Kuɗin kayan na bin dala, ka zaga shago biyu ko uku, ka tambayi mita nawa ke cikin naɗi ɗaya, don wasu naɗin nasu ya fi gajarta. Ni dai in za a yi mani wani aikin zan koma wurinsu, da sharaɗin maigidan ya zo da kansa. Yanzu darbejiya nike son dasawa ta bangon yamma kafin ruwa ya ɗauke.