Kasuwar katunan Steam: abin da na gani cikin wata shida

Ina da shagon cajin waya a ƙauyenmu kusa da Maigatari. In ciniki ya lafa da dare, nakan buga wasa a wata tsohuwar kwamfuta da yayana ya bar mini. A nan na fara sanin katunan Steam (Steam dandali ne na saye da buga wasannin kwamfuta a intanet), waɗanda kamfanin Valve ya fito da su a 2013. Ba na takarda ba ne, a asusunka suke, kuma kowane wasa mai kati da nasa saitin da ake tarawa. Kana wasa suna faɗo maka, amma wajen rabin saiti kawai ake ba ka, sauran sai dai ka saya ko ka yi musanya.

Kasuwar kanta ta burge ni. Farashi a fili yake, kana ganin hawa da saukarsa, babu dillali a tsakani. Sai dai kafin ka shiga ka san ƙa'ida: ana cire kusan kashi 15 cikin ɗari a kowane ciniki, kuma kuɗin a asusunka na Steam suke zama, wasa za ka saya da su, ba sa komawa banki. Sai ka kashe dala 5 kafin a buɗe maka kasuwar.

Masu ƙona mini rai su ne 'yan sari. Sak masu ɓoye gero da kaka su fito da shi da damina. Kati ɗaya mai ƙyalli (nau'in da ba a cika samu ba) ya rage mini na cika saiti, wasu suka kwashe masu araha kaf suka ninka kuɗin. Sati uku ina leƙawa, data na ƙarewa, ƙanena har cewa yake, "Yaya, haƙura mana." Wallahi na ƙi saya a hannunsu, har sai da wani ya sa nasa a tsohon farashi.