Aikin Rana ko Aikin Dare a Kan Hanyar Kaduna zuwa Kano

Idan wa'adin kwangilar aikin hanya ya matso, ɗan kwangila kan zaɓi tsawaita aikin rana ko ɗauko ma'aikatan dare, kuma kowanne da irin gajiyar da yake haifarwa.

A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Kano, ga kwaltar da ake shimfiɗawa tana fitowa daga tifa da zafin kusan digiri 150, har lebura mai riƙe da shebur ya jiƙe sharkaf tun kafin azahar. Amma gajiyar rana a fili take, kuma inuwa da ruwan sha da hutun tsakar rana suna rage ta.

Ta dare kuwa ɓoyayya ce. Iska ta yi sanyi, motoci sun ragu, sai dai tsakanin ƙarfe 2 da 5 na asuba barci yake fin ƙarfin mutum, direban rola, wato motar danne kwalta, ya riƙa gyangyaɗi bai sani ba, alhali da rana bai samu barcin kirki ba saboda zafi da hayaniyar gida. A ganina, gara a fara da asuba a tashi kafin rana ta take, a bar dare ga gadoji da mahaɗar hanyoyi.