Hattara da mai sayar da "hedas" ɗin rage shan mai a Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu motocin ɗaukar kaya, musamman masu Hilux, Tacoma da Tundra a Zariya da kewaye. Akwai wani mutum da ke yawo tsakanin Kwangila, PZ da Sabon Gari yana tallar bututun salansa da ake kira hedas, yana rantsuwa cewa idan ya ɗaura maka shan man motarka zai ragu da rabi. Ni ya riga ya cuce ni. Don Allah ku karanta har ƙarshe, domin kuɗin da yake karɓa a hannu ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da abin da yake kwancewa a ƙarƙashin mota.

Motata Tacoma ce ta 2008, 'yar Amurka, mai injin silinda shida, lita 4. Da ita nake ɗauko masara da waken suya daga Giwa da Soba, da damina kuma in kai wa manoma taki. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, duk mai irin wannan mota ya san halin da ake ciki. Sai ka yi sawu guda, ka zauna ka yi lissafi, ka ga gidan mai ya fi ka cin riba. A cikin wannan damuwa na ga tallar a Facebook: bidiyon mota tana ruri, da hoton bututu shida masu sheƙi kamar sabuwar tasa, da lambar WhatsApp a ƙasa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama.

Na ce ya faɗa mini shagonsa in zo. Ya ce shagon yana Legas, shi wakili ne kawai a Arewa, mu haɗu kusa da gadar Kwangila. Ya zo da wankakkiyar shadda, Hausa a bakinsa tas, ya buɗe but ya ciro kwali. Ya ce, "Alhaji, wannan ƙarfe 304 ne, ba ya tsatsa har abada. Daga Amurka ya zo. Man da kake zuwa Kaduna da shi, yanzu har dawowa zai yi maka." Muka daidaita a kan naira dubu 280 har da kuɗin ɗaurawa. Na tura kafin alƙalami dubu 150. Sunan da ya fito a asusun ba shi ne sunan da ya gaya mini ba, na tambaya, ya ce na ƙanensa ne, nasa yana da matsala. A nan ya kamata in tsaya, ban tsaya ba.

Ya hana a kai motar wajen bakanikena. Wai su tsofaffin hannu ne, ba su san sabon aiki ba, za su lalata kayan kuma ba zai ɗauki alhaki ba. Ya kai ni wani fili a gefen hanyar Kano, ba gareji ba ne ma, inuwar bishiya ce da yara biyu da akwatin sifana. Da azahar ta yi ya ce, "Alhaji je ka yi sallah ka ci abinci, aikin zai ɗauki lokaci, injin sai ya huce." Na tafi. Da na dawo an gama, an goge komai. Na tambaye shi tsofaffin kayan da aka cire, ya ce ai sun ruɓe, ya bai wa 'yan gwangwan don kada su cika mini bayan mota. Har godiya na yi masa.

Ranar farko motar ta yi ƙara mai daɗin ji, ni kuma na ɗauki ƙarar a matsayin ƙarfi. Kwana na uku wutar cek, wato wutar da ke nuna injin yana da matsala, ta kama a dashbod. Na kira shi, ya zo da wata 'yar na'ura ya soka a ƙarƙashin sitiyari ya goge, ya ce kwamfutar motar ce take sabawa da sabon kaya. Bayan kwana biyu wutar ta dawo. Da safe idan na tayar da injin sai in ji tak-tak-tak kamar ana buga ƙusa, sai ya yi zafi sannan ta lafa. Mai kuwa maimakon ya ragu sai allurar ta riƙa faɗuwa fiye da da.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru ne a hanyar Kaduna. Tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, ina tare da ɗana ɗan shekara 12, gilasai a rufe saboda ƙurar hunturu. Kafin mu kai Jaji yaron ya ce, "Baba, kaina yana ciwo, kuma ina jin amai." Ni ma na ji idona yana nauyi. Na tsaya, muka fito muka sha iska, muka ƙarasa da gilasai a buɗe. Daga baya na fahimci hayaƙi ne yake tsiyaya daga bakin injin yana shigowa ciki. A cikin hayaƙin mota akwai iskar kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri da barci, kuma tana kisa. Har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Washegari na kai ta wajen bakanikena a Muchiya, dattijon da ya shekara sama da goma yana duba mini mota. Ya hau da ita kan rami, ya shiga da tocila, bai yi minti ɗaya ba ya leƙo ya ce, "Alhaji, ina indominka?" Ban gane ba. Ya ce in sauko in gani da idona.

Abin da makanikai ke kira indomi wata tukunya ce a jikin salansa, cikinta kamar saƙar zuma, an shafe ta da ƙarafa masu tsada: filatinum, faladiyum da rodiyum. Ita ce ke ƙone gubar hayaƙi kafin ya fita. Saboda waɗannan ƙarafa ake sayen tsohuwarta da kuɗi mai kauri, shi ya sa ɓarayi ke yanke ta har a Amurka da Ingila. A irin injina guda biyu na gaba a haɗe suke da kan salansar da ke manne da injin, ɗaya a kowane gefe, don haka duk wanda ya kwance kan salansa ya tafi da su gaba ɗaya. Na baya guda biyu kuma mai hedas ɗin ya yanke su da zarto ya liƙa bututun ruwa a gurbinsu, waldar ma ko gogewa ba a yi ba. Ashe sallar da ya tura ni ke nan.

Dattijon ya ɗauko mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika ya kai jikin sabon bututun, ya manne ƙam. Ya kankare da wuƙa, sheƙin ya ɓare kamar ɓawon albasa, ga baƙin ƙarfe a ƙasa har ya fara ja. Farantin da ke haɗa bututun da injin siriri ne, zafi ya riga ya lanƙwasa shi, ga baƙin tabon hayaƙi a gefen silinda biyu. Ko sabon gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin farantin da injin, mai hedas ɗin bai saka ba, tsohon ya mayar ya shafe da gam. Ƙusa ɗaya ta karye a cikin kan injin ya bar ta haka. Da aka sa na'urar bincike ta nuna P0420 da P0430, wato kwamfuta tana cewa indomin ɓangarorin biyu ba sa aiki.

Dattijon ya kuma bayyana mini dalilin ƙaruwar shan mai. Akwai sensa a bakin salansa da ke auna iskar da ta rage a hayaƙi. Idan akwai ɓula kafin sensar, iskar waje tana shiga, sai sensar ta gaya wa kwamfuta cewa mai ya yi kaɗan, kwamfuta kuma ta ƙara turo mai. Na biya kuɗi don a rage mini shan mai, aka ƙara mini.

Ba ina cewa hedas ƙarya ba ne. Abu ne na gaske, masu tseren mota sun daɗe suna amfani da shi. Kowace silinda ana ba ta bututunta, tsawonsu kusan ɗaya, su haɗu a wuri guda, ta yadda hayaƙin da ya fita daga ɗaya zai taimaka ya zuƙo na mai bi masa. Injin ya fi samun numfashi, kuma yakan ƙara ɗan ƙarfi, galibi idan an taka shi sosai. Amma ƙari ne kaɗan, kuma sau da yawa sai an sake saita kwamfutar motar kafin a ga amfaninsa. Babu wani bututu a duniya da zai raba shan man injin lita 4 gida biyu. Nauyin mota da kayan da ka ɗora da ƙafarka a kan totur su ne ke shan mai. Da bututu zai yi wannan aiki, da Toyota ba ta jira wani mai kwali a Kwangila ba.

Masu Hilux na dizal mai tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska), ku ma mutumin yana bin ku. A irin wannan injin tabon a kan bakin salansar yake zaune, hayaƙin ne ke juya shi, don haka hedas irin na injin fetur ba ma shi da wurin zama. Wanda ya ce zai ɗaura maka shi, wani abu yake nema a ƙasan motarka.

Idan duk da haka kana son hedas na gaskiya, ka tafi da bakanikenka, a shago mai ƙofa da rasit. A tabbatar an ƙera shi don lambar injinka, ba "yana shiga kowace mota" ba. A duba kaurin farantin, mai kyau yakan kai milimita 10, a ɗora shi a kan gilashi a ga ya kwanta daidai. A duba ramukan sensa suna nan. Ka riƙe mayen ƙarfe a aljihu: ƙarfe 304 ba ya kama shi sosai a miƙaƙƙen wuri. Akwai ƙarfe 409 da kamfanoni ke yin salansa da shi, shi yana kamawa kuma ba jabu ba ne, amma wanda ya ce maka 304 ne sannan maye ya manne ƙam, ya yi maka ƙarya. Kada ka tura kuɗi asusun da sunansa ya saɓa da na mai kaya. Sannan komai za a kwance a ƙarƙashin motarka ka tsaya a kai, idan sallah ta kama ka bar ɗanka ko yaron motarka, kuma duk abin da aka cire a saka maka shi a bayan mota kafin ka biya ragowar kuɗi.

Da na kira mutumin na ambaci indomi, ya ce yana hanyar Funtuwa zai kira ni. Tun daga ranar ya toshe lambata, shafin Facebook ɗin ma ya ɓace. Na koma filin, mai shayin da ke wurin ya ce sau uku ko huɗu ya ga sun zo da motoci daban-daban, ba su taɓa kwana biyu a jere ba. Na kai ƙorafi bankina da shaidar tura kuɗin, na kuma shigar da ƙara wajen 'yan sanda da hotunan hirarmu ta WhatsApp. A garejin dattijon na haɗu da wani bawan Allah daga Samaru mai Tundra, labarinsa da nawa ɗaya ne har batun tura shi sallah, sai dai sunan da mutumin ya ba shi daban ne.

Makon jiya wani abokina ya nuna mini sabon shafi da sabon suna, amma bidiyon nan ne dai, da bututu shidan nan masu sheƙi. Idan ya taɓa ka, kada kunya ta hana ka magana, ka adana lambar asusun da hotunan hira ka kai wa 'yan sanda ko EFCC don a haɗa ƙorafin wuri guda. Motata tana Muchiya yau kwana 19, an ciro karyayyar ƙusar da ƙyar, muna jiran kan salansa na Beljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano, masarar mutane kuma tana jibge a Giwa ina biyan hayar wata motar.