Tsoron Sallama ko Sakin Jiki: Wanne Ya Fi Fitar da Aiki?

Jack Welch ya shugabanci kamfanin General Electric na Amurka daga 1981 zuwa 2001. A tsarinsa, duk shekara akan kasa ma'aikata gida uku: kashi 20 cikin ɗari na sama a ba su lada, kashi 70 su ci gaba da aikinsu, kashi 10 na ƙasa a sallame su. Babu musu, wannan yana hana lalaci. Amma idan dole sai an fitar da na ƙarshe, wa zai koya wa abokin aikinsa abin da ya iya? Manajan da mutanensa duk haziƙai ne sai ya zauna da biro a hannu, yana neman wanda zai sadaukar. Microsoft ma ya bi irin wannan tsari, ya watsar da shi a 2013.

Ɗaya hanyar kuwa, shugaba ya sa mutanensa su saki jiki har su iya cewa "na yi kuskure" ba tare da fargaba ba. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar rukunin da suka fi samun shugabanci nagari sun fi kai rahoton kuskuren ba da magani, domin ba sa ɓoyewa. Binciken da kamfanin Google ya fara a 2012 kan abin da ke sa rukunin ma'aikata yin nasara shi ma ya sa wannan sakin jiki a gaba.

Ni ta biyun nake goyon baya, ko da yake ta fi wuya. Ranar da ƙaramin ma'aikaci ya kawo mummunan labari a taro, idon kowa yana kan fuskar oga. Idan ya ɗaure fuska ya yi tsawa, gobe ba wanda zai buɗe baki.