Abin wuyan hana kare haushi: wanne ya dace da karen gadi a Kano?

Yawancin masu kare a Kano, ko a Nasarawa GRA ne ko Bompai ko Sabon Gari, don gadi suka ajiye shi, kuma gadin kare haushi ne. Saboda haka mai neman abin wuyan hana haushi sai ya yi hattara. So ake a rage haushin banza da ke hana maƙwabta barci, ba a mayar da kare bebe a sauƙaƙa wa ɓarawo aiki ba.

Mafi arha shi ne mai ƙara. Da kare ya yi haushi sai ya saki wata siririyar ƙara wadda kunnen mutum ba ya kamawa, domin jinmu yana tsayawa wajen hertz 20,000, na kare kuwa ya ninka haka. Ba ya cutarwa, amma karnuka da yawa cikin 'yan kwanaki suke sabawa da shi su ci gaba da harkarsu.

Mai feshi ya fi shi aiki. Ɗan akwati ne a ƙarƙashin haɓa da ke fesa man sitironela, irin wanda ake sa wa a wasu magungunan sauro, kare kuwa ba ya son warinsa. A 1996 an yi wani ɗan bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka kan karnuka 9, masu karnukan suka fi gamsuwa da shi a kan mai shokin lantarki. Matsalarsa a nan Kano ita ce man. Idan ya ƙare ba kowane shago ke da shi ba, sai an yi oda a jira. Ƙurar hunturu ma takan toshe ɗan bakin feshin. Duk wanda zai saya, ya tambayi mai kaya inda zai sami ƙari kafin ya zaro kuɗi.

Ni dai mai jijjiga nake ba mutane shawara su fara da shi. Kamar waya ce da aka cire mata ƙara: yana girgiza wuyan kare, ya katse masa haushin ba tare da zafi ba. Ana cajinsa da USB, wanda a garin da wuta ba ta da tabbas abin dubawa ne, don ko da fawa bank sai a cika shi. Masu cin batir na musamman kuwa, ranar da batirin ya mutu za ka zaga kasuwar Sabon Gari ka dawo hannu rabbana. Sai dai kare mai gashi da yawa, irin Kokeshiyan, ba lallai ya ji jijjigar sosai ba.

Mai shokin shi 'yan kasuwa suka fi tallatawa, wai yana aiki nan take. Yakan yi, amma da tsoro yake yi, kuma kare mai tsoro ya fi saurin cizo. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta shi tun 2010, Jamus ma ba a yarda da shi ba. Babban haɗarin yana ga marasa suna da ake sayarwa da araha a intanet, waɗanda makirfo kaɗai ke tayar da su. Hon ɗin adaidaita sahu, ƙarar janareta, bugun get, ko haushin karen maƙwabci, duk sai su sa shokin ya ja kare yana kwance bai yi komai ba. Karen da ake hukuntawa a kan laifin wani ba abin da zai koya.

Don haka ko wane iri ka zaɓa, nemi wanda sai ya haɗa abu biyu kafin ya tashi: jin sautin haushi da motsin maƙogwaron karen da ke sanye da shi. Kamfanoni irin su PetSafe suna yin irinsa. Duba kuma ko yana da matakai, ya fara da gargaɗi kafin ya ƙara ƙarfi, sannan ya tsaya da kansa idan kare ya dage. Ga karen gadi wannan ba ƙaramin abu ba ne, don idan da gaske ya ga mutum a kan katanga ba zai yi shiru ba. Alamar IP67 tana nufin ƙura da ruwa ba sa shiga, ta isa damina da hunturu.

Wajen ɗaurawa, yatsa ɗaya ya iya shiga tsakanin fata da 'yan ƙarafan nan biyu da ke taɓa wuyan kare. Kada ya wuce awa 12 a wuya a rana, a zafin Afrilu ma a rage sosai. Ɗaga gashin wuyan kullum ka duba: jajayen ɗigo biyu daidai inda ƙarafan suke zama alama ce ta gyambo na tafe, a cire sai ya warke. Kwikwiyon da bai kai wata 6 ba ba a sa masa.

Kafin duk wannan, leƙa inda karen yake kwana. Wanda ya wuni ɗaure da gajeriyar sarƙa a kejin kwano, kwanon ruwansa a bushe, kaska cike da kunne, maigadi bai sake shi ya zaga ba, babu abin wuyan da zai sa shi shiru. Idan kuma muryarsa ta sauya farat ɗaya, yana dalalar da miyau ko yana kai wa na gida cizo, kada a kusance shi da sunan ɗaura masa wani abu. A killace shi a kira likitan dabbobi, musamman in ba a yi masa allurar haukan kare ta shekara ba.